Ranar da Ƙwallon Ashafa Ta Miƙe

Kafin kamfanin jimar da na yi wa aiki ya kwashe injinansa ya koma Challawa, a Bompai yake, kuma a can Turawan da suka kafa shi suka gina wa kansu kulob. Da kamfanin ya tashi, kulob ɗin bai tashi ba. Da Turawan ma suka fara tattara komatsansu ɗaya bayan ɗaya, sai suka bar mana shi da abin da ke ciki: kujerun da suka ji jiki, fankar da ba ta san shiru ba, da wani dogon ɗaki mai layi biyu na katako inda suke wasan da suke kira bolin. Mu wasan kwalabe muke ce masa, don itatuwan da ake jerawa a ƙarshen layin ba su da maraba da kwalaben lemo. Mutum ya ɗauki ƙwallo mai nauyin tsiya, ya zura yatsu uku a ramukanta, ya gangara ta a kan katakon, ta je ta watsa kwalaben. Shi ke nan wasan. Na san yadda abin yake a kunne, a ce magidanta masu furfura suna jifan kwalabe ranar Asabar. Mu ma dariya muka yi masa da farko, daga baya ya kama mu.

Ni a sito nake aiki, kuma ban taɓa iya wasan ba. Tawa ƙwallon miƙewa take yi sambal, in ta ga dama ta kayar da rabi, in ba ta ga dama ba ta faɗa kwatar da ke gefe. Wanda ya iya shi ne Ashafa.

Ashafa shi ne mai injin tsaga fata a Challawa, injin da ke raba fatar saniya gida biyu ta kaurinta. Wuƙar injin doguwa ce, tana gudu ba tsayawa, mai aiki kuma da hannunsa yake shimfiɗa fatar yana tura ta bakin wuƙar. In hannu ya yi jinkirin janyewa, injin ba ya tambayar fatar wa ce. Ashafa ya yi shekaru a kansa ko ƙwarzane bai taɓa samu ba, kuma da wannan hannun na dama yake jifa ranar Asabar. Ba tsakiya yake nufa ba. Can gefe yake sakin ƙwallon, daf da kwata, har ka ce ta tafi, ya murɗa mata wuyan hannu a daidai lokacin da za ta bar yatsunsa. Sai ta sulala, ta sulala, sannan kusa da ƙarshe ta sha kwana ta shigo wa kwalaben ta haƙarƙari. Ƙarar da suke yi in sun zube gaba ɗaya, har masu shan shayi a waje sun san ta. A layi na biyu yake wasa kullum, har muka daina ce masa layi na biyu, muka koma ce masa layin Ashafa.

Mai kula da ɗakin kuwa Gwadabe ne, taubashin Ashafa. Uban Gwadabe da uwar Ashafa ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun suna yawo ba wando a ƙauyensu na wajen Ringim ba su taɓa yi wa juna magana mai daɗi ba. Gwadabe ya ce masa jemau mai warin fata. Ashafa ya ce masa bawan katako, wanda aka ɗauka aiki don ya durƙusa. In ka ji su sai ka ɗauka yau za a raba dambe, amma ko goro ɗaya Ashafa ya samu sai ya ɓare ya miƙa masa rabi, yana cewa sadaka ce.

Aikin Gwadabe shi ne mai. Kowace Asabar da hantsi zai share katakon, ya ɗauko gwangwanin wani farin mai marar kauri, ya bi layin da tsumma yana shafawa. Ba duka yake shafewa ba, daga farkon layin zuwa bayan tsakiya kaɗan, sauran ya bar shi a bushe. Na taɓa tambayarsa ko rowar man yake yi.

Ya ce, “Kai ɗan sito, komai a wurinka rowa ne. Inda akwai mai, ƙwallo sulɓewa take yi, duk juyin da aka ba ta tana riƙe da abinta. In ta fita daga man ta taka busasshen katako, sai katakon ya cije ta, nan take shan kwana. Ka cika mai, ta wuce kwalaben ba ta juyo ba. Ka rage shi, ko juyin kirki ba a ba ta ba sai ta karkata. Kuma katako shan mai yake yi, yadda ka bar shi da safe ba haka za ka same shi da la’asar ba.”

Na ce to, rabin kwanar Ashafa ashe tasa ce.

Ya ce, “Kada ka bari jemau ya ji, sai ya ce in raba masa albashina.”

Abin da ban sani ba a lokacin, sai daga baya Gwadabe ya ba ni labari, shi ne hannun Ashafa ya fara ja da baya. Gwadabe ne ya fara gani, don shi ba kwalaben yake kallo ba kamar mu, juyin ƙwallon yake kallo. Wata Asabar kafin azumi ya ga ta fita daga yatsun a sanyaye. Ta je ƙarshe ta ɗan karkata da ƙyar, ta bar kwalabe a tsaye. Aka sake, haka. Samarin ofis da ke zaune a baya suka fara ƙus-ƙus, wani ya ce tsufa ya zo. Ashafa ya tsaya yana kallon tafin hannunsa, yana buɗewa yana rufewa. Gwadabe ya ce a duk zamansu bai taɓa ganin wannan fuskar a wurinsa ba, kuma bai so ya sake ganinta.

Asabar ta gaba sai ya taƙaita man layi na biyu. Kaɗan ya rage, abin da ido ba zai gani ba. Ƙwallon ta sami busasshen katako da wuri, ta sha kwanarta, kwalabe suka zube, Ashafa ya juyo yana tambayar samarin ina mai maganar tsufa. Bayan ’yan makonni juyin ya ƙara raguwa, Gwadabe ya ƙara rage man. Haka aka yi ta yi, hannu na sauka, mai na ja baya, kwanar tana nan yadda muka san ta. Mu dai abin da muka lura shi ne layi na biyu ya yi taurin kai, duk wanda ya jefa a cikinsa sai ƙwallonsa ta gudu hagu. Muka ce layin ma ya san mai shi, muka bar masa.

Ni ban ga laifin Gwadabe ba a nan, kuma har yau ban gani ba. Wasa ne. Mutum ya sha wari da ƙarar inji kwana shida, ya zo ranar da zai ji shi ma wani ne, kai kuma a hannunka abin yake, da ɗan tsumma. Wa zai hana?

Ranar da abin ya daina zama wasa, a Dorayi ne, a gidan Ashafa. Gwadabe ya je duba shi wata Juma’a bai same shi ba, sai matarsa Hansatu ta leƙo zaure ta kawo masa ruwa. Da ma ita ma ba ta tsira daga bakinsa ba, ya fara yi mata tsiyar tuwonta, ya ga ba ta rama ba.

Ta ce, “Gwadabe, bar wasan nan tukuna. Hannun ɗan’uwanka ba lafiya.”

Ta ce buta ta sha suɓuce masa wajen alwala. Maɓallin riga sai ta sa masa. Da asuba yakan zauna yana murza yatsun nan uku, ya ce barci suka yi. Kuma Gwadabe ya fi kowa sanin yadda mahaifin Ashafa ya ƙare, da ɓarin jiki a shanye, ana juya shi a tabarma.

“Na yi na yi ya je asibiti, ya ƙi. Na ce to ya gaya musu a canza masa wurin aiki, ya bar gaban wuƙar nan, ya ce in rufe bakina. Ka san me yake ce mini? Wai duk Asabar yana gwada hannun. Wai hannun da ya lalace ba ya sa ƙwallo ta sha kwana. Muddin tana juyowa, lafiyarsa ƙalau, ranar da ta ƙi shi da kansa zai sauka. Ni ban san wannan ƙwallon ba, Gwadabe. Kai ka san ta. Gaskiya take gaya masa?”

Gwadabe ya ajiye ruwan. Ya ce mata Allah ya sawwaƙe, ya fita.

Washegari ya tare Ashafa a ƙofar kulob, yana kafe Vespa ɗinsa.

Ya ce, “Jemau, hannun nan naka ya mutu fa.”

Ashafa ya ce, “Ya mutu ya bar maka gadon me?”

“Da gaske nake. Ni nake rage maka mai a layin, shi ya sa take juyowa.”

“Ai na sani. Kai ne ma kake tsaga mini fatar a Challawa. Numfashin ma kai kake yi mini.”

“Wallahi, Ashafa.”

“Wallahinka nawa na ji? Ba kai ka rantse mini ka ga kura a Sabon Gari tana sayen burodi ba?”

Ya shige ciki yana dariya. To ka ji inda matsalar take. Duk duniya mutum ɗaya ne aka yarje wa ya gaya wa Ashafa kowace irin magana ba a yi faɗa ba, kuma shi ne wanda maganarsa ba ta da nauyi ko na anini. Shekara hamsin yana ce masa kanka ya mutu, ƙafarka ta mutu, zuciyarka ta mutu. Yau hannun ya fara mutuwa da gaske, ba sauran kalmar da bai riga ya ɓatar ba. Ranar kuwa Gwadabe ya riga ya shafa man tun da hantsi, irin wanda ya saba ragewa, hannunsa ya yi abinsa kafin ya yi tunani. Ƙwallo ta sha kwana, Ashafa ya juyo ya ɗaga masa hannun yana karkaɗawa, wai gaisuwa daga matacce.

Sai gara ta shiga maganar. A makon nan aka ga katakon layi na biyu ya lotsa a wani wuri, da aka ɗaga aka tarar ta cinye ƙasansa tas. Malam Nuru, sabon manajan ma’aikata, wanda kulob ɗin ke ƙarƙashinsa, ya ce ba za a sake sa katako ba. Aka yo odar wasu allunan roba masu tauri daga waje, an yi musu zanen katako a sama, suna ƙyalli. Mu fomeka muka ce musu, don sun yi kama da saman teburin mai shayi. Aka rufe ɗakin har aka gama. Layi na ɗaya gara ba ta taɓa shi ba, aka bar shi da katakonsa.

Makonnin nan Gwadabe bai sami sukuni ba. Ya ce in ya ji motar kamfani ta tsaya a ƙofar kulob da rana sai ya ɗauka daga Challawa aka aiko da mugun labari.

Ranar da aka buɗe, bayan la’asar, ɗakin ya cika. Kowa na son ya taɓa sabon layi. Wanda duk ya jefa sai ya ga ƙwallonsa ta wuce fuu, ta isa kwalabe kafin ya miƙe tsaye. Fomeka ba ta shan mai, a sama yake zama, ga ta da santsi da tauri, ba ta cizon ƙwallo yadda tsohon katako yake yi. Har masu ɗan juyi a hannu suka ga nasu ya ragu.

Aka ba Ashafa wuri. Ya goge ƙwallonsa da gefen riga, ya taka, ya saki a gefe kamar kullum. Ta sulala, muna jiran kwana, muna jira, ta bi bakin kwatar nan sambal ta ɗauki kwalba ɗaya ta ƙarshe ta wuce. Ya sake, ta faɗa kwata.

Sai shi Ashafa ya fara dariya.

“Malam Nuru, wannan ai ba layi ba ne, faranti ne. Ko aljani ya jefa a nan ba za ta juyo ba.”

Malam Nuru ya ce gaskiya ne, takardar da ta zo da kayan ma ta faɗa, sai an saba. Kowa ya ce haka ne, laifin fomeka ne. Kuma abin haushin, ba ƙarya suka yi ba. Na ga Ashafa ya saki ajiyar zuciya, ya zauna yana cewa shi Litinin ma da wuri zai fita, an jibge musu fatu kamar ba gobe.

Ina kusa da Gwadabe a lokacin. Ga hanya ta buɗe masa. Daga yau ba wanda zai taɓa sanin abin da ya yi da tsumma, fomeka ta ɗauke masa, ta ɗauke wa Ashafa. Amma bai bi ta nan ba. Ya bari aka watse aka fita shan shayi, saura mu uku, ni ma don ina neman takalmina ne.

Ya je gaban Ashafa ya rusuna, irin rusunawar da ake yi wa manya.

Ya ce, “Malam Ashafa, in ba za ku damu ba, ina roƙon ku jefa guda ɗaya a layi na ɗaya.”

Ashafa ya ɗago yana murmushi, yana jiran inda tsiyar za ta ɓullo. Ba ta ɓullo ba.

“Wane ne Malam?”

“Ku ne. Katako ne, irin naku na da. Man da na shafa masa yau shi ne wanda nake shafawa tun zamanin Turawa, wanda kuka yi suna a kansa. Ban ƙara ba, ban rage ba. Ku jefa.”

Murmushin ya tafi. Ban taɓa jin Gwadabe ya ce masa ku ba, kuma na tabbata shi ma bai taɓa ji ba. Ya tashi a hankali ya ɗauki ƙwallon. Na ga sai da ya tallafa mata da hagu kafin yatsun su zauna. Ya tsaya ya daɗe, ya taka, ya saki, ya murɗa da duk abin da yake da shi, har ya yi ɗan nishi.

Ta sulala a kan man. Ta fita ta taka busasshen katako, inda ya kamata a cije ta. Ta ɗan yi kamar za ta waiwayo, sai ta fasa, ta miƙe ta wuce ta gefe. Kwalba biyu suka faɗi, sauran suna tsaye suna kallonmu.

Bai juyo ba ya ce, “Tun yaushe?”

“Tun kafin azumin bara.”

“Duk Asabar?”

“Duk Asabar. Kaɗan-kaɗan, har ya zama ba sauran abin ragewa. Ban san da ita kuke auna hannun ba, sai da Hansatu ta gaya mini. Na faɗa muku a ƙofa.”

“Ka faɗa.”

Ya zauna a benci ya ɗora hannun a gwiwa. Na ɗauka zai yi faɗa, kuma da ya yi da na fi jin daɗi. Sai ya ce, kamar da kansa yake magana, ranar Laraba fata ta naɗe a bakin wuƙa, ya kai hannu ya gyara, ya ce wa hannun dawo, hannun ya tsaya yana shawara. Gefen hannun rigarsa wuƙar ta ɗauka. Ya naɗe rigar ya jefa a shara don kada Hansatu ta gani, ya ce wa ransa bari Asabar ta zo a buɗe layi, a gani.

Tausayinsu ya kama ni su biyun, na rasa inda zan sa idona. Gwadabe yana nan a rusune.

Can Ashafa ya sunkuya zai kwance igiyar takalmin wasan, yatsun suka yi ta zamewa. Ya bari. Gwadabe ya matso ya kwance masa, ya cire, ya ajiye masa nasa a gabansa.

Ashafa ya ce da ni, “Ɗan sito, Litinin in ka shiga ka gaya wa foman ya sa Sule a injin a madadina. Ka ce ina asibiti.”

Na ce to.

Muka fito. Rana ta yi sanyi, manyan motocin Dakata suna wucewa a titi, masu shayi suna ta gardamar fomeka da katako. Ashafa ya tsaya a gaban Vespa ɗinsa ya laluba aljihu da hagu, ya ciro makulli ya miƙa wa Gwadabe.

“Kai za ka tuƙa.”

“To, Malam.”

“Don girman Allah ka daina ce mini Malam ɗin nan.” Ya tsare shi da ido. “Ka zage ni mana, bawan katako. Ka ce wani abu.”

Gwadabe ya buɗe baki. Mutumin da tun yana yaro bai taɓa rasa abin da zai jefi Ashafa da shi ba, ya tsaya da makulli a hannu yana nema. Ya rufe bakin, ya hau ya tayar da babur ɗin. Ashafa ya hau baya, ya riƙe kafaɗarsa da hannun hagu, na daman yana kwance a cinyarsa, suka nufi Dorayi.